Babban Hutu da Yaron da Ba Ya Amsa Kira

Damina ta kama hanya. A ƙarshen Yuni ake rufe makarantun boko, ba a sake buɗe su sai Oktoba. Wata uku yara suna gida, kuma wata ukun nan su ne na shuka da noma da maimai. Uba yana gandu. Uwa tana kai abinci, ko kuwa ita ma tana gamanarta. Yaro mai lafiya yana bin yayyensa. To, yaron da ba ya magana, ba ya amsa kira, bai san haɗari ba fa?

Bara, ranar da muka je rufe wata cibiyar karatun manya a unguwar Zariya, cikin birnin Maraɗi, wata ɗaliba ta tsaya bayan kowa ya watse. Ta ce, "Malam, ina da magana." Ɗanta yana da shekara shida. Bai taɓa ce mata Inna ba. In an kira sunansa ba ya juyowa, amma yana gane ƙarar babur ɗin ubansa tun daga bakin titi. A wata daminar ya sulale daga gida, aka yi ta nema, aka same shi zaune cikin kududdufi, ruwa ya kai masa ƙirji, yana dariya. Ta ce, "In an shiga noma, ina zan kai shi?" Ran nan ba mu ba ta amsa mai gamsarwa ba. Mun bi sawun maganar, ga kuma abin da muka samo.

Wace irin larura ce?

Likitoci suna kiranta otizim. Wasu gidajen rediyo suna cewa galahanga, amma ana ɗora wannan kalma a kan larurori dabam-dabam, shi ya sa muka riƙe sunan likitoci. Otizim ba ciwon da ake ɗauka ba ne. Ba hauka ba ne. Ƙwaƙwalwar yaro ce take girma ta wata hanya dabam, sai mu'amala da mutane ta yi masa wuya, magana ta yi masa nauyi, ya riƙa maimaita abu ɗaya.

Wani likitan yara a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta filla-filla a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. An fi ganinta ga maza, wajen sau uku ko huɗu bisa ga mata. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta. In muka ɗauki lissafin 1 cikin 100, babu unguwar da ba ta da irin waɗannan yara. Suna nan, cikin ɗaki ake ɓoye su.

Ga abin da uwa za ta lura da shi. Yaro ya shekara ɗaya, ba ya juyowa in an kira sunansa. Ya kai wata 18, ba ya nuna abu da yatsa domin ki duba tare da shi, ba ya kawo miki abin da ya tsinta. Ya shekara biyu, ba ya haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Inna zo". Ko kuwa ya fara magana, sai maganar ta ɓace. Ba ya son haɗa ido. Yana jera murafan kwalba ko duwatsu a layi, in an taɓa ɗaya ya fashe da kuka. Yana kaɗa hannu, yana jujjuyawa. Yana toshe kunne in ya ji injin niƙa ko lasifika. Ba kowane yaro yake haɗa waɗannan duka ba. Wani yana magana sosai, har ya haddace sura da jin ta sau biyu, amma ba ya iya wasa da tsararsa. Wani kuma yana buƙatar taimako a komai, har girmansa.

Me yake kawo ta?

Mafi yawan dalilin yana cikin halittar da yaro ya gada, tun yana ciki. Akwai abubuwan da suke ƙara yiwuwarta: haihuwar bakwaini, tsufan iyaye, da wani maganin farfaɗiya mai suna Depakine in mace ta sha shi da ciki. Mai farfaɗiya kada ta tsai da maganinta da kanta. Ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, shi ya san abin da zai canza mata.

A ƙasarmu, musamman wajen Tsibiri da Maraɗi inda bori yake da tsohon tarihi, da an ga irin wannan yaro sai a ce iskoki ne suka taɓa shi, ko a ce ɗan ruwa ne aka musanya. Wasu su ce uwar ce ta yi yawon magariba da ciki. Ba mu raina kowa ba, amma mun ga inda wannan magana take kaiwa. Ana sayar da akuya, ana sayar da damen hatsi, ana turara yaro da hayaƙi har numfashinsa ya sarƙe, a ƙarshe a kori uwar. Yaron kuwa yana nan yadda yake. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma duka da ɗauri ba su cikin addu'a.

Akwai kuma masu cewa allurar riga-kafi ce. Wannan jita-jita daga Ingila ta taso a 1998, daga rubutun wani likita. Aka bincika aka tarar da maguɗi, aka janye rubutun a 2010, aka hana shi aikin likita. A 2019 masu bincike a ƙasar Denmak suka fito da sakamakon bin yara fiye da 650,000. Ba su ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa allurar ƙyanda da waɗanda ba a yi wa ba. Ƙyanda kuwa tana kisa, mun sani.

Daga ina za a fara?

A fara da asibitin unguwa ko na gari. A tafi da littafin awon yaro. A nemi abu uku. Na farko a duba kunnensa, domin sanƙarau da ciwon kunne mai ruwa suna kurumtar da yara, kurma kuwa ba mai otizim ba ne, hanyarsa dabam ce, Maraɗi ma tana da makarantar kurame. Na biyu a gaya wa likita in yaron yana suma ko yana ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci. Farfaɗiya ta fi yawa ga waɗannan yara, ita kuwa tana da magani. Na uku a auna shi, a ga ko yana fama da tamowa ko ƙarancin jini.

In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, a nemi takardar turawa. Jiratawa tana ƙarƙashin Madarunfa, Tsibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji, daga can kuma sai babban asibitin jiha a Maraɗi. Tun 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Kada a jira yaro ya wuce wannan shekara ana cewa zai yi magana in ya girma, ubansa ma haka ya yi. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro kamar ɗanyen yumɓu take.

Gwanayen koyar da magana ba su da yawa a ƙasarmu, galibinsu kuma suna Yamai, tafiyar da ta wuce kilomita 600. Wasu masu hali suna tsallakawa ta Ɗan Isa zuwa Katsina ko Kano. Wanda ya sami zuwa, ya tafi da niyya ɗaya: a tabbatar masa da larurar, a koya masa abin da zai yi a gida. Kada ya je neman ƙwayar da za ta warkar. Babu ita, a Yamai ko a Faransa. Likita yana iya ba da maganin farfaɗiya ko na rashin barci, amma otizim kanta koyarwa ce maganinta, kullum, da haƙuri.

Saboda haka duk wanda ya buɗe wuri yana karɓar kuɗi da sunan gyaran irin waɗannan yara, a yi masa tambaya kafin a fitar da ko dala. Yana barin uwa ta shiga ta ga abin da ake yi? Yara nawa ne ga babba ɗaya? Yana koya wa iyaye? In ya ce a bar yaron a dawo bayan wata uku ya warke, a ɗauki yaro a yi gaba. In aka ga mari, ko igiya, ko bulala, ba sai an yi tambaya ba.

Makarantar farko tsakar gida ce

Hukumar Lafiya ta Duniya ta san cewa ƙasashe irin namu ba su da isassun gwanaye. Shi ya sa ta tsara wani horo na iyaye, domin yara masu shekara 2 zuwa 9. Zama tara ne na ƙungiya, da ziyarar gida sau uku. An gwada shi a ƙasashe da dama, har da Habasha da Kenya, aka fitar da littattafansa a 2022. Ba ya buƙatar inji. Abin da yake koyarwa, kowace uwa tana iya fara shi yau.

Ki zauna gaban yaron, fuskarki daidai da tasa. Kada ki ja shi zuwa wasanki, ki shiga nasa. In yana jera murafai, ki ɗauki ɗaya ki jera. In ya bar ki, kin sami ƙofa. Ki rage magana. Maimakon "Zo nan maza ka wanke hannunka ka ci abinci kafin ya huce", ki ce "Zo". In ya zo, ki ce "Wanke". Ki nuna da hannu.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Uwa ta san abin da ɗanta yake so tun bai nema ba, sai ta miƙa masa. Ƙauna ce, amma tana hana shi dalilin magana. Ki ɗora kofin fura inda yake gani, hannunsa bai kai ba. Ki dube shi, ki ƙirga zuwa goma a zuci. In ya dube ki, ko ya miƙa hannu, ko ya yi wani sauti, ki ce "Fura!" ki ba shi nan take. Kada ki bari ya kai ga kuka. Yau kallo ne, wata rana nuni, wata rana kalma. Wani yaron ba zai kai ga kalma ba. Shi sai a yanka kwali, a zana kofi, da kwano, da buta, da tabarma, ya riƙa miƙa hoton abin da yake so. Hoto da alamar hannu ba su hana magana fitowa.

Waɗannan yara suna son yau ta yi kama da jiya. Tashi, wanka, kunu, wasa, a bi su a jere ɗaya kullum. In za a canza, a sanar da shi tukuna. In ya fusata yana birgima, ba rashin kunya ba ne. Wani abu ya fi ƙarfinsa: ƙara, ko yunwa, ko ciwon haƙori da ba ya iya faɗa. A janye shi wuri mai shiru, a rage magana, a tsare kansa kada ya buge.

Nan karatunmu yake da rana. Uwar da ta koyi rubutu ta sami littafi ɗaya na yaron. Duk ranar da ya fusata ta rubuta kwanan wata, da lokaci, da abin da ya faru kafin nan. Layi ɗaya ya isa. Bayan sati uku ta karanta daga farko. Sau da yawa sai ta ga abu ɗaya yana dawowa, misali duk lokacin da maƙwabta suka tayar da injin niƙa. Wannan littafi ya fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Mu ma muna da abin faɗa a kanmu. Lokacin da muke riƙe da alli a firamare, an kawo mana wani yaro da ba ya zama, yana maimaita duk abin da muka ce. Muka ɗauka raini ne. Muka sa shi durƙuso, muka ɗaga masa murya, kafin ƙarshen zango muka ce wa ubansa ba ya da kan karatu. A makarantar horon malamai ba wanda ya taɓa ambata mana otizim. Wannan ba hujja ba ce, amma haka aka yi. Har yau muna tuna yadda yake toshe kunne in an kaɗa ƙararrawa.

Rumfar hutu

A Amurka da Faransa, in an yi babban hutu, akwai sansanonin yara. Wasu an tsara su musamman domin masu otizim, da manya da yawa masu lura, da jadawali na hotuna. Yaro ya koyi zama da mutane, iyaye su sami numfashi. A ƙasarmu ma wasu manyan ma'aikatu suna shirya wa ƴaƴan ma'aikatansu irin wannan fita, amma ɗan manomi ba ya ciki. Mu dubi abin da muke da shi.

Muna da rumfunan karatun manya. Da rani ake karatu, da damina a rufe suke, ga tabarmi ga allo. Muna da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Matan da suka iya tara asusu kowane sati, suna iya tara rana.

Gida huɗu ko biyar masu irin wannan yaro su haɗu. Kada su wuce haka, domin hayaniya ita ce abokiyar gaba. Su nemi izinin mai unguwa ko mai gari, da na kwamitin cibiya. Wurin ya kasance da danga da ƙofa mai rufuwa, nesa da rijiya. A haɗu sau biyu ko uku a sati, awa biyu da hantsi. A cikin birni a kauce wa Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi. Kowane zama a sami babba ɗaya ga yara biyu, ba fiye ba. Uwa biyu ko uku su tsaya, sauran su tafi gona, wani zaman a juya. Kakanni suna da amfani ƙwarai a nan. A satin farko kowace uwa ta zauna da ɗanta har ya saba da wurin.

A bi tsari ɗaya kullum: gaisuwa da kiran sunan kowane yaro, waƙar tafi ɗaya, wasan yashi da gwangwani, mirgina ƙwallon tsumma daga wannan zuwa wancan domin koyon jiran layi, wanke hannu, cin abinci tare, bayan gida, sallama. A ware kusurwa da tabarma inda yaron da ya gaji zai kwanta ba mai taɓa shi. A gayyato yaro ɗaya ko biyu daga ƴan'uwansu, masu sanyin hali. Amma kada a mai da yarinya ƴar shekara tara mai reno na dindindin. Ita ma hutunta ne.

Wajen abinci kada a tilasta. Wani yaron fura kaɗai yake sha, wani tuwo ba miya. A ajiye lomar sabon abu gefen kwanonsa, kullum, ko bai taɓa ba. Mutanen Jiratawa ba su rasa zogale. A shanya shi a inuwa, a daka, a fara da ɗan kaɗan cikin abin da yaron ya riga ya yarda da shi.

Ruwa da guba

Wannan shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2012 ya nuna kusan rabin yara masu otizim sun taɓa sulalewa daga inda ake tsaronsu. Da yawansu ruwa yake jan su, kuma nutsewa tana cikin manyan abubuwan da suke kashe su. Mu kuwa da damina ruwa ya kewaye mu. Gulbin Maraɗi yana kwance da rani kamar hanyar amalanke, dare ɗaya sai ya kawo, ya ratsa ta Jiratawa, da Maraɗi, da Tsibiri. Shi ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka koma tudu. Ga magudanan fadamar Jiratawa, ga ramukan da aka haƙa domin bulo, ga kududdufai bayan gidaje.

A sa wa ƙofar gida sakata a sama, inda hannun yaro bai kai ba. A rataya gwangwani da tsakuwa a jikinta domin ta yi ƙara in an buɗe. A rufe rijiya, da randa, da duro. A ɗinka ƙyalle cikin rigarsa da sunan unguwa da lambar salula. A gaya wa maƙwabta, da mai shago, da ƴan kabu-kabu na bakin layi: in kun gan shi shi kaɗai, ku riƙe shi, ba ya amsa kira. Ɓoye larurar ba ya tsare yaro. In ya ɓace, kada a ɓata lokaci ana kiran suna. A raba mutane, a fara da wurin ruwa mafi kusa.

Wasu daga cikinsu suna sa komai a baki. Maganin feshi, da takin zamani, da irin da aka gauraya da magani, a kulle su a wuri mai tsawo, kada a zuba su cikin kwalbar lemo. Ƙwayar da ake sa wa wake domin ƙwari tana fitar da iska mai kisa, ba a ajiye ta a ɗakin kwana. Buhu mai ciki uku, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka taimaka aka gwada, yana tsare wake ba tare da ita ba. In masu rabon maganin riga-kafin zazzaɓin damina suka zo, a tabbata yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya sha na kwana ukun duka. Yaron da ba ya magana ba zai ce kansa yana ciwo ba. A riƙa taɓa jikinsa, a kwantar da shi cikin gidan sauro.

In Oktoba ta zo

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi doka mai lamba 2019-62 a watan Disamba na 2019. Yaro mai larura yana da haƙƙin karatu kamar kowa. Tun Satumba uba ya je ya ga shugaban makaranta, kafin cinkoson buɗewa. Ya nemi a zaunar da yaron a gaba, nesa da taga, a yarda ya fara da awa ɗaya ko biyu, a hana dukansa. Ya kai shi ya ga ajin sau biyu ko uku tun babu kowa ciki. In an ƙi karɓarsa, a je wurin sufeton makarantu, ko ofishin kula da jin daɗin jama'a, ko reshen ƙungiyar naƙasassu. Wanda ba ya da takardar haihuwa, a fara nemanta tun yanzu a ofishin magajin gari.

Ɗalibarmu ta Zariya ta riga ta sami mata biyu a layinsu masu irin ɗanta. Suna neman ta huɗu. Wanda yake son a bar masa rumfar cibiya da damina, a Maraɗi, ko Tsibiri, ko Jiratawa, ya shaida wa malamin cibiyarsa kafin a kwashe tabarmi.